Mazarin Inna da Wayar Ƙirjinta

Abu na farko da suka karɓe mana a asibitin nan na Marsai, a Faransa, shi ne audugar Inna. Ko gado ba a nuna mana ba tukuna. Shugabar masu jinya ta ɗakin mata, wata doguwar Baturiya mai tarin makullai a ƙugu, ta sa na kwance ƙullin kayanmu a kan tebur. Ta ga shiɓaɓɓiyar auduga, ta ga mazari, da 'yar taskirar da ake kafa shi a ciki, da guntun allin da Inna ke shafa wa yatsu in za ta yi kaɗi. Ta ɗaga audugar da yatsu biyu, ta ce wannan ƙura ce da cuta, wuta za a sa mata. Mazarin kuma tsini gare shi, za ta kulle shi sai ranar sallama. Na zazzage mata duk Faransancin da nake taƙama da shi a gida, har da na cikin littafi. Ta saurare ni sai da na gama, ta zuba kayan cikin bokiti ta wuce.

Inna ta tambaye ni ina za a kai mata kaɗarta, wato audugarta. Na ce ajiya. Ta dube ni ta kau da kai, ba ta ƙara tambaya ba.

Ni ce Dije, autarta. A zamanin nan na Shugaba Diori ina koyarwa a lakwal ɗin Tsibiri, kuma da yake ni kaɗai ce a gidanmu ke jin yaren Nasara, ni aka ɗora wa tafiyar. Inna mutuniyar Jiratawa ce, ta ƙi dawowa birni duk da yayana Alhaji Mamman ya gina mata ɗaki a Sabon Garin Maraɗi. Tun da damina Inna ta fara faɗuwa. Tana tsaye tana magana sai ta zube kamar ta mutu, can ta farka tana tambayar wa ya jiƙa mata zane. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi ƙaho, duk a banza. Likitan Maraɗi ya riƙe hannunta yana duban agogo, ya ce zuciyar ce ke mantawa da bugawa. Na Yamai ya ce haka ne, maganin kuwa sai Faransa. Alhaji yana da halin biya, amma lokacin awon gyaɗa ne, ba ya iya barin bakin sikeli. Haka aka yi muka tsinci kanmu mu biyu a garin da iska ke shiga har ƙashi, ni da takalmin roba, ita da zane uku a jiki.

Likitan da zai yi aikin ba shi da shekaru, amma sanƙo ya riga ya cinye masa gaban kai. Mutum ne mai haƙurin bayani. Ya ɗora wa Inna abin a tafin hannu don ta ji nauyinsa: wani dunƙulen ƙarfe mai santsi, kamar battar tabar tsofaffi, da doguwar waya siririya a jikinsa. Tun daga ranar batta muke ce masa. Ya ce za a tsaga fata a ƙasan kafaɗarta ta hagu a sa battar, a zura wayar ta cikin jijiya har ta shiga zuciya, ita za ta riƙa zungurar zuciyar duk lokacin da ya kamata ta buga.

Sai ya ce yankan ba shi ne abin tsoro ba. Kan wayar ba a ɗinke shi, ba a ɗaure shi. Cusa shi ake yi a wani lungu na cikin zuciya a bar shi can, zuciyar kuwa ba ta tsayawa ta ba shi wurin zama. Sai nama ya tsiro ya rungume shi, wannan kuma sai an yi makonni, ga tsoho ma watanni. Kafin nan, in aka ja wayar ko kaɗan ta zame, zuciya ta koma wa mantuwarta, kuma ba kowace faɗuwa ake tashi daga ita ba. Don haka ba ɗaga hannun hagu sama, ba ɗaukar kaya.

Na mayar wa Inna da Hausa, na rage abin da na rage. Ta juya battar a hannunta ta miƙa masa, ta ce mini, "Ki hwaɗa mashi shi yi aiki nai da kyau. Ni likkahwanina ban ida ba."

Wannan ba wasa take yi ba. Tsofaffin matan Jiratawa irinta ba su yarda a naɗe su da farin kanti ba. Kowace da hannunta take kaɗa zaren likkafaninta, a kai wa masaƙi, ta wanke ta ninke ta ajiye. Inna ta kai rabi ciwon ya kama ta, audugar nan da aka zuba a bokiti ta ragowar ce.

Aka yi aikin, ya yi kyau. Tafin ƙafarta da ya daɗe da sanyi ya ɗauki ɗumi, idonta ya washe, har ta fara kushe abincinsu, ta ce mutanen da ke dafa ganye ba daddawa ba su da tausayin kansu. Na yi murna har na aika wa Alhaji cewa an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Ba a barin ɗan'uwan mara lafiya ya kwana, ziyara kuma daga bayan azahar ce zuwa kafin magariba. Ni na sami wani ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa, a saman shagon wani Balarabe, unguwar baƙi 'yan ci-rani. Matakalar gidan warin kifi da fitsari take yi. Ina fita da safe in yi ta yawo don ɗakin ya fi titi sanyi, mutane suna ratsa ni ba mai ce mini ci kanki. Na yi kewar gida irin wadda ban san akwai ta ba. Ba ma mutane na fi tunawa ba, ƙarar daka nake nema, da tsamin fura, da hayaniyar 'yan ajina da a da nake roƙon Allah ya raba ni da ita.

In ni mai jin yarensu haka, ina ga Inna. Tana kwance a dogon ɗaki cikin tsofaffin Turawa, daga wayewar gari har in zo ba wanda za ta ce wa uffan. Ta gaya mini kullum da safe sai ta bi su da gaisuwa gado gado, ta tambayi kwana da gajiya da iyali, ba mai amsawa sai ta gadon kusa da ita, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai saƙar ulu, ita ma da kai take amsawa.

Ana nan sai shaƙuwa ta kama Inna. Na ba ta ruwa, ba ta tsaya ba. Washegari na tarar tana nan, kuma ba irin shaƙuwar da na sani ba ce, wadda ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Wannan a jere take zuwa, tazararta ɗaya, ba ta sauri ba ta jinkiri. Na gaya wa mai makullai, ta ce tsofaffi suna haɗiyar iska in suna cin abinci. Tsohuwar mai saƙa ta jawo bakin zanena, ta nuna ƙirjinta, ta murza babban yatsa da manuni a iska, ta nuna Inna da haɓa. Haƙoranta duk sun zube, maganarta ba ta fita. Na ɗauka kwaikwayon tasbihin Inna take yi don ta yi mana dariya, na janye zanena na harare ta.

Kwana kaɗan bayan haka shaƙuwar ta ɗauke, hannun hagu ya karɓa. Yana kwance a kan bargo sai ka ga ya zabura shi kaɗai, ya sake zabura, da tazarar nan dai. Inna ta dube shi ta ce hannun nan ba nata ba ne yau. Tana rufe baki idonta ya juye, ta sulale a kan matashi. Na san faɗuwar nan tun Jiratawa, amma ban taɓa ganin ta daɗe haka ba. Aka zo da gudu aka tura gadon, aka bar ni tsaye da takalminta a hannu.

Da ta farfaɗo aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan ya kira ni ya manna hoton a jikin fitila. Ga haƙarƙari, ga inuwar zuciya, ba komai a cikinta. Wayar duk ta fito ta hau sama, ta naɗe jikin battar zagaye bisa zagaye, a tsare, ba wanda ya hau wani. Ko ni da ban iya kaɗin kirki ba na gane hannun. Haka Inna ke naɗe zare a mazari.

Ya ce ya taɓa ganin irin wannan. Fatar tsoho sakwaf take, battar tana samun wurin juyawa a ƙarƙashinta. Mutum yana kwance ba abin yi, yatsunsa su sami abu mai zagaye su yi ta juya shi, kowane juyi yana jan wayar kaɗan, mai yi bai ma san yana yi ba. Da kan wayar ya baro zuciya sai ya riƙa zungurar duk jijiyar da ya taras a hanya, shi ne shaƙuwar, shi ne zaburar hannun.

Na je na tambayi Inna. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Wallahi ban taɓa shi ba. Ni yarinya ce da za a hana ni abu in yi?" Tana cikin rantsuwar ina kallon hannunta na dama. Ya taso daga kan bargo a hankali, ya shige ƙarƙashin rigar asibitin, babban yatsa da manuni suka kama aikinsu, ita kuwa idonta na kaina tana jiran in ba ta haƙuri. Ban taɓa jin tsoron wani abu kamar yadda na ji tsoron yatsun nan biyu da suka yi mini kitso tun ina goye ba.

Aka sake shiga da ita. Wannan karon likitan ya ce ya sa battar cikin 'yar jaka ta wani irin ƙyalle da nama ke kamawa, ya ɗinke jakar a jikin tsokar ƙirji, ya kuma ɗaure wayar a bakin jijiyar da ta shiga. Kan wayar dai yana nan yadda yake, a cushe, yana jiran nama. Ya ce ya yarda da ɗinkinsa, amma ba ɗinkin da zai jure yatsun da ke aiki a kansa kullum. Karo na uku kuwa bai ce zuciyarta za ta ɗauka ba.

Mai makullai ta samo nata maganin. Na zo na tarar an ɗaure hannun daman Inna da bandeji a ƙarfen gado. Ta juya fuska ga bango, abinci yana gefe ya sandare. Da ƙyar ta yi mini magana, ta ce, "A Jiratawa mahaukaci kaɗai aka ɗaure ma hannu. Ki kwance ni in mutu da mutuncina." Ta daina ci, ta daina gaida kowa. Naman da ake jira ya tsiro kuwa ba ya tsirowa a jikin da ba ya cin abinci.

Na tare likitan a baranda, na ce masa yatsun nan tun kafin a haife shi suke murza mazari kowace rana ta Allah, an raba su da shi ne suka nemi wani. A mayar mata da abinta. Ya sa na gwada masa yadda ake yi. Da ya ga hannun hagu ne ke tashi sama da auduga sai ya ɓata fuska, can ya ce ya yarda in za a naɗe damtsen a jikinta, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kawai zai motsa. Mai makullai ta kawo mazarin da taskirar tana cin magani. Auduga da alli kuwa sun daɗe da zama toka.

Sai neman auduga a garin da ba a noma ta. Na sayo ta kantin magani, fara tas. Inna ta ja ta, ta tsinke, ta sake ja, ta tsinke, ta ce wannan an wanke ta har ta mutu. A gidan da nake akwai wani ɗan ƙasarmu, mai bakin zuma, ƙanwata yake ce mini, ni kuma daɗin jin Hausa ya sa nake ce masa yaya. Ya ce auduga ai buhu-buhu take a bakin teku, yana da mutane a can, sai dai a ɗan shafa wa mai gadi. Na cire munduwar azurfar aurena na ba shi. Ya kawo mini ƙunshin wani farin abu mai sheƙi, irin wanda suke cusawa cikin rigar sanyi. Na kai masa ashana ya narke ya dunƙule yana warin roba. Na hau ɗakin yayan nawa na tarar har ya kwashe tabarmarsa. Na zauna a matakalar nan mai wari na yi kuka, rabi don munduwa, rabi don da Hausa aka cuce ni.

Tsohuwar mai saƙa ce ta fid da ni, wadda na harara. Ta daddaki katifarta, ta yi ta maimaita wata kalma har na gane sunan wata unguwa take faɗi. Na bi tambaya har na sami wani tsoho mai ɗinkin katifa a wani lungu bayan kasuwa. Ban san ko wane iri ba ne, Faransancinsa ya fi nawa karyewa. Da na yi masa bayani sai ya shiga ciki ya jawo buhu ya buɗe. Auduga ce ta gaske, mai ɗan duhu, har da ɓawon angurya a jikinta. Na sa hanci na ji ƙanshin rumbun gidanmu. Ya cika mini zane, ya ƙi karɓar komai, ya ce in an kaɗa in kawo masa zaren ya gani, rabonsa da ganin zaren hannu tun na uwarsa.

Asibiti suka turara ta a tukunyarsu ta kashe cuta, na tsefe ta da yatsu da matajin kaina, na lalubo guntun allin lakwal a gindin jakata. Aka kwance hannun Inna. Ta shafa alli, ta kafa mazari a taskira, ta murza. Tsofaffin ɗakin duk suka juyo suna kallo. Ta yi ta mita cewa da guntun hannu zare ba ya yin sumul, wannan in masaƙin Jiratawa ya gani sai ya yi mata dariya. Da yamma ta cinye abincinta har da ganyen.

Muka ƙara makonni. Kowane hoto aka ɗauka wayar tana inda aka sa ta. Na kai wa mai katifa zarensa, Inna ta bar wa mai saƙa wani. Ranar sallama likitan ya riƙe ni a bakin ƙofa ya ce naman ya fara kamawa, amma na tsoho ba ya sauri, kada a bar yatsun nan su zauna banza ko da an ga ta warke. In kuma na sake jin shaƙuwar nan, to, na san ko mece ce.

Mun dawo muka tarar da fari ya ci ƙasa, auduga ta yi wuya. Alhaji ya sa ana kawo mata daga Najeriya cikin motocinsa. Ta yi wata guda a Sabon Gari ta ce ita gida za ta, ba wanda ya isa ya hana ta. Duk ranar da ba lakwal ina kan hanyar Jiratawa. Kullum tambayata ɗaya, akwai sauran auduga? Ni da Alhaji duk hankalinmu yana kan kada auduga ta ƙare. Ba wanda ya tuna aikin ne ke iya ƙarewa.

Farkon hutu na sauka daga mota da sabon buhu a ka. Na tarar da ita zaune a inuwar zaure, hannuwa a cinya. Na ɗaga ido na ga mazarin soke a jikin rufin ɗaki. Ta ce masaƙi ya kawo likkafanin, ta wanke, ta ninke. Ta ce, "Na ida, Dije." Fuskarta fes, ban ga ta da kwanciyar rai haka ba tun kafin ciwon.

Na ce ta kaɗa mini na zane. Ta ce kantin Alhaji cike yake da atamfa. Na ce na jikoki, na sayarwa, na sadaka. Ta ce idonta ya gaji, kafaɗarta ta gaji, ita kuma ba ta taɓa kaɗin banza ba, ba za ta fara da tsufa ba. Na tuna mata da Marsai, ta ce ai ba ta taɓa battar, in tambayi kowa. Daga ƙarshe sai na durƙusa gabanta na ce, "To Inna, ki kaɗa mani nawa likkahwanin."

Ta ce, "Uwa ba ta kaɗa ma ɗiyatta wanga abu. Kar in ƙara jin shi bakinki."

Na kwashe hutun nan a Jiratawa ina gadin hannu guda. In muna hira yana cikin nawa. Na ba ta tasbihi, ta ja na bayan salla ta rataye. Na kawo mata gyaɗa ta ɓare, wake ta tsince, ta gama kafin in juya. Amma mutum ba ya riƙe hannun wani yini da kwana. Sai na yi salla, sai na je rijiya, sai barci ya ɗauke ni. Ɗaurewa kuwa na riga na ga abin da take yi mata, ban iya ba. Wata rana ina cuɗa mata baya na kai hannu ƙasan kafaɗar, na ji battar ta ɗan gusa ƙarƙashin tafina, abin da ba ta yi a da. Na aika wa Alhaji ya fara neman takardun tafiya. Inna ta ji, ta ce ita ta gama shiga jirgi.

Ranar wata Laraba da la'asar ina gindin murhu ina dama mata fura, ita tana cikin ɗaki. Sai na ji shaƙuwa. Na tsaya da ludayi a hannu ina roƙon Allah ya sa guda ɗaya ce. Ta biyu ta zo, ta uku ta biyo ta, da tazarar nan da na sani, ba sauri ba jinkiri.

Ta kira ni daga ciki, muryarta lafiya lau, shaƙuwar tana yanka mata magana. Ta ce, "Dije, in kin gama ki taho in gwada maki inda na aje likkahwanin, kar ku sha wahalar nema."